Zango da Sabon Gari

'Ya'yana, babu wanda bai san jakar nan mai ratsin ja da shuɗi ba, wadda ake kira Gana-mas-go. Da ita ɗalibi ke komawa makarantar kwana, da ita ɗan ci-rani ke dawowa gida in damina ta kawo kai, har 'yan siyasa ma an ce da ita suke jigilar abin da suke jigila. Amma in na tsayar da goma daga cikinku a tashar mota na tambayi inda ta samo sunanta, da ƙyar biyu za su ba ni amsa. A watan Janairun 1983 ne gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama wa'adin mako biyu ya bar Najeriya. Farashin man fetur ya faɗi, aiki ya yi wuya, zaɓe ya matso, sai aka waiwayi baƙo. Mutanen Gana wajen miliyan ɗaya suka ɗura abin da suka mallaka a irin wannan jaka, suka nufi kan iyakar Seme da bakin ruwan Apapa. Su sun tafi, sunan ya zauna.

Rabin labarin ke nan. Ɗaya rabin a ƙofar gidanmu na gan shi ina yaro. Shekara 13 kafin korar da Shagari ya yi, ranar 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Dokta Kofi Busia ta Gana ta fitar da irin wannan doka, ita ma wa'adin mako biyu ta bayar. Yarabawa ne suka fi yawa cikin 'yan Najeriyar da abin ya shafa, amma guguwar ta kwashi Hausawa da Zabarmawa da sauran baƙi. Baffana ya shekara talatin a Kumasi yana ɗinki. Wata rana da almuru sai ga shi ya sauko daga bayan babbar mota, shi da matarsa da 'ya'ya biyar, ƙura ta yi musu buɗu-buɗu har gashin ido. Babu ko ɗaya cikin yaran da ya taɓa ganin Kano. A can an ce musu su koma gida. Da suka iso nan, mu yaran unguwa muka raɗa musu suna 'yan Gana, muna kwaikwayon Hausarsu ta zango muna shewa. Ina cikin masu shewar, ban kuwa manta ba.

Ga abin da ya sa na tono muku wannan tsohon zance. Duk lokacin da aka tara ku aka ce za a yi magana a kan haƙuri da mabiya wani addini, na lura zaman masu gida kuke yi, waɗanda aka zo roƙon alfarma a wurinsu. To ku sani, Bahaushe mai masauki ne a Kano da Katsina da Damagaram, amma a Kumasi da Ikko da Anacha da Yawunde shi ne baƙon. A can ladaninsa kan ɗaga murya da asuba a tsakiyar mutanen da ba sallar za su yi ba, barci yake katse musu, su kuwa su juya kwanciya su yi shiru. Alfarmar da ake roƙo a wurinku, 'yan'uwanku suna cin irinta kowace safiya a wani gari.

Kalmar zango ita kanta ta matafiya ce, inda ayari ke sauke kaya ya kwana kafin ya ɗauki hanya da sassafe. Kakanninmu fatake sukan tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da tufafin rini da jemammun fatu, madugu na ja musu gora, su yi wata da watanni kafin su kai Salaga ta ƙasar Gwanja, su sayo goron da ke fitowa daga kurmin Asante. Hanyar ba ta ƙasar Musulmi kaɗai take bi ba. Sukan ratsa garuruwan sarakunan da ba su san alƙibla ba, su biya kuɗin fito da na hanya, su kai gaisuwa fada, su roƙi wurin sauka. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, mutanenta suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akra, zangon kwana ɗaya ya koma unguwar haihuwa da binnewa. Alhaji Umaru, babban malami kuma marubuci haifaffen Kano, a Kete-Krachi ya yi limanci har ya rasu a 1934. Alhassan Ɗantata, wanda kuke jin sunan zuriyarsa kullum, a fataucin goro tsakanin Akra da Ikko ya fara tara abin da ya tara kafin kasuwar gyaɗa ta buɗe. Sabon Zango na Akra, wani Malam Baƙo ne ya kafa shi (ku ji sunan ma) a kan filin da ya samu daga hannun sarakunan ƙabilar Ga. Unguwar Sabo ta Badun tun 1916 take. In kuka juya gabas, akwai garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da mutanen da suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903.

Zaman zango yana da ƙa'idojinsa, ko da ba a rubuta su a takarda ba. Baƙo in ya iso, wurin mai gida yake sauka. Shi zai ba shi ɗaki da tuwo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba da bashi. In baƙon ya yi ɓarna a gari, mai gidan ake nema. Sama da masu gida akwai sarkin zango, shi ke amsa kiran sarkin ƙasa. Ta haka kowane baƙo yake da fuskar da aka sani, in an yi laifi kuma akan sami mai shi kafin a ɗora wa unguwa gaba ɗaya. Turawan da suka isa Kumasi a 1817 sun tarar da malamai Musulmi a fadar sarkin Asante suna masa rubuce-rubuce da Larabci, shi kuwa yana kan addinin kakanninsa. Kada wani ya ce mini waɗannan mutane ba su kai ku riƙon addini ba. Da allo da tawada da yawansu suka yi tafiyar, su suka gina masallatan da jikokinsu ke salla a ciki yau. Ba su ci yankan maƙwabcinsu ba, ba su durƙusa wa abin bautarsa ba, amma in an yi masa rasuwa sun je gaisuwa, in sun ci bashinsa sun biya, in ya kafa dokar al'adarsa a ƙasarsa sun kiyaye. Har gobe a Akra, duk shekara kafin bikin Homowo, sarakunan Ga kan hana kiɗa da hayaniya na kimanin wata guda, coci da masallaci kowa ya mayar da lasifikarsa ciki.

Yanzu ku waiwayo gida. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya jawo akawu da makanikai da 'yan kasuwa daga Kudu, har da mutanen Saliyo da na Gana. A 1913 Turawa suka yanka musu wuri a wajen ganuwa aka kira shi Sabon Gari, aka sa shi a tsarin da ya bambanta da na birni. Bature ba ya son talakawan sarki su cuɗanya da waɗannan baƙi masu boko da jarida da yawan tambaya. Sai unguwannin biyu suka girma baya da baya. Baƙon Sabon Gari ba shi da mai gida a birni, ba wanda ya tsaya masa, ba wanda ya ci tuwon sunan ɗansa. Har yau yaro zai tashi a Kano, ya shekara goma yana sayen kayan gyaran babur a hannun Ibo ɗaya, bai san sunan garinsu ba, bai san ko yana da iyali ba. Mutumin da ba ka san sunan ɗansa ba, ranar da gari ya rikice ba shi da wuyar komawa "su". An gani a Mayun 1953, an ga mafi muninsa a 1966, lokacin da aka kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa, sauran suka cika jiragen ƙasa suka nufi Gabas. Na san za ku ce ai an kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Janairun shekarar. An kashe su, raɗaɗin kuma har yau bai bar mu ba. Amma mai sayar da taya a Sabon Gari ba shi ya harbe su ba.

Akwai wani lissafi da ke ta maimaita kansa, ina so ku haddace shi kamar karatun allo. A Yulin 1999 rikici ya tashi a Shagamu a kan bikin Oro, aka kashe Hausawa; da gawarwaki da waɗanda suka tsira suka iso Kano, aka far wa Yarabawa. A Fabrairun 2000 aka yi ta'asa a Kaduna a kan batun Shari'a. Kwanaki kaɗan aka far wa 'yan Arewa a Aba. A Fabrairun 2006, zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a can Denmak ya jawo zanga-zanga a Maiduguri, aka ƙona coci-coci aka kashe Kiristoci. Da gawa ta isa Anacha, aka bi Hausawa layi-layi, aka ƙona masallatai. Ku tambayi kanku su wane ne suka mutu a Anacha. Mai shayi ne, da mai wankin takalmi, da mai yankan farce, da dattijon da ke gadin shago yana tara kuɗin taki. Wanda ya ƙyasta ashana a Maiduguri a ɗakin uwarsa ya kwana. Mai zanen kuwa bai ma san da zamansu a duniya ba. Duk dutsen da kuka jefa a Sabon Gari, a zango yake sauka.

Ana iya katse lissafin, an kuwa taɓa katse shi. A Maris 2025 aka tare mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna hanyarsu ta dawowa Kano daga Fatakwal don yin Salla a gida, aka yi musu kisan da baki ba ya iya faɗa. Kowa ya ga bidiyon, zukata suka tafasa. Shugabanni da malamai suka tashi tsaye suna kiran a kai zuciya nesa, gwamnan Edo ya zo Kano ta'aziyya, jama'a suka dage a kan a hukunta masu laifin. Wasu samari sun ce mini wannan ragwanci ne. Na ce su je su tambayi masu sayar da albasa da tumatir a kasuwannin Benin da Warri, waɗanda suka kwana ido biyu a makon nan suna jiran abin da Kano za ta yi.

Na san abin da ke cin ran wasunku, domin an sha faɗa mini ido da ido: "Baba, so kake mu ce duk addinai ɗaya ne?" A'a. Ba ɗaya ba ne, wanda kuma ya ce muku ɗaya ne bai girmama ko ɗaya daga ciki ba. Musulmi bai yarda an gicciye Annabi Isa ba, Kirista kuwa a kan gicciyen nan ya kafa imaninsa duka. Wannan ba saɓanin da shayi da biskit a ɗakin taron otal za su warware ba ne, ba kuma sai an warware shi za a zauna lafiya ba.

Ku tuna hijirar farko a Musulunci. A shekara ta biyar da aiko Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da azabar Ƙuraishawa ta yi tsanani, ina ya tura sahabbansa? Ƙasar Habasha, wurin sarki Kirista, Najjashi, saboda shaidar adalcin da aka yi masa. Cikin ayarin farko akwai Sayyidina Usman da matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah. Ƙuraishawa suka tura Amru ɗan Asi da kyaututtuka don a koro musu mutanensu. Najjashi ya ce sai ya ji ta bakin baƙin. Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya tashi ya yi bayani, ya karanta wani yanki na Suratu Maryam, sarki da limamansa suka zubar da hawaye. Washegari Amru ya sake dabara, ya ce a tambaye su abin da suke faɗa game da Isa, don ya san a nan za a saɓa. To a nan nake so ku dakata. Ja'afaru ɗan gudun hijira ne, ransa da na mutanensa a hannun mai tambayar suke, amma bai rage komai daga aƙidarsa don a bar shi ya zauna ba. Ya faɗi abin da Musulmi suka yi imani da shi, cikin ladabi, ba zagi ba gori. Sarki ma bai ce sai kun bi nawa za ku sha ruwan ƙasata ba. Ya mayar wa Ƙuraishawa kayansu, baƙi suka zauna, shi Ja'afaru bai koma wurin Manzon Allah ba sai lokacin Khaibara, bayan fiye da shekara goma. Wani zai ce ai Najjashi ya musulunta daga baya. Haka malamanmu suka ruwaito, har an yi masa sallar gawa daga Madina. Amma ranar da aka tura masa baƙin Kirista ne, a Kiristan kuma aka yaba adalcinsa.

A zamaninmu, dattijon da ya fi tuna mini da wannan shi ne Shehu Usman Nuhu Sharubutu, babban limamin ƙasar Gana tun 1993, ɗan zangon Akra da aka haifa a 1919. Musulmin Gana kimanin kashi 20 cikin ɗari ne bisa ƙidayar 2021, Kiristoci kuwa sun haura kashi 70, don haka shi ya san ɗanɗanon zama 'yan tsiraru. A Afrilun 2019, yana cika shekara 100, ya ɗauki tawagarsa ya je cocin Katolika na Christ the King ranar bikin Ista, ya zauna da rawaninsa aka gaisa. Wasu malamai suka soki abin, mutanensa suka amsa cewa zumunci ya kai shi, ba ibada ba. Ni kaina, gaskiya, da ni ne da sai an tashi daga addu'a zan shiga, kuma ban ga laifin wanda ya tsaya a ƙofa ya yi gaisuwarsa ba. Amma kafin ku yanke wa dattijon hukunci ku dubi sauran aikinsa. A farkon 2019 wani fasto ya yi shelar wai an nuna masa limamin zai mutu, samarin zango suka fusata suka je suka farfasa cocinsa. Shehu ya tsawata musu ya ce ya yafe. A 2012 a garin Hohoe aka tone kabarin wani limami aka jefar da gawarsa, samarin zango suka kai wa fadar sarkin garin hari, wuta ta tashi. Shi ya taka ya je ya shiga tsakani. Mutumin da ake jin maganarsa a coci, ranar da aka taɓa masallaci yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Gana ma ba aljanna ba ce. A azumin 2021 an yi ta ce-ce-ku-ce da wata makarantar 'yan mata ta mishan a Cape Coast ta hana ɗaliba Musulma yin azumi, maganar ɗankwali a makarantu da asibitoci kuma takan taso lokaci-lokaci. In kun ji wannan ranku kan ɓaci, ya kuwa kamata ya ɓaci. To ku riƙe wannan ɓacin ran, ku saurari Kiristan da ke zaune a garinku in yana kukan an hana shi takardar filin gina coci, ko an bar 'ya'yansa a makarantar gwamnati ba malamin addininsu. Kukan iri ɗaya ne. Haka maganar ɗan ƙasa da baƙo. Muna cewa baƙo raɓa ne, amma wace irin raɓa ce ke shekara ɗari ba ta bushe ba? Bahaushen Jos da kakansa ya zo haƙar kuza yana kukan an hana shi takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, jikan Ibon da aka haifi ubansa a Sabon Gari shi ma kukansa ke nan. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini a sashe na 38, ya ba kowa 'yancin zama inda ya so a sashe na 41. Wanda ya yi wa na Jos kururuwa ya yi gum a kan na Kano, ba adalci yake nema ba, nasa yake nema.

Bari in ɗan ratse. Da yawanku kun ɗauka Bahaushe da Musulmi abu ɗaya ne. Ku je Wusasa kusa da Zariya, inda mishan ɗin da Dokta Walter Miller ya fara a cikin birni ta koma a 1929. Daga cikin Kiristocin wannan mishan aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa, a cocinsu Allah suke kira, Ubangiji suke kira, tuwon da kuke ci suke ci. Coci-cocin da aka ƙona a Damagaram da Yamai a Janairun 2015 saboda zanen wata jaridar Faransa, masu addu'a a cikinsu da yawa da Hausa da Zabarmanci suke yinta. Ku kuma 'ya'yana Kiristoci da ke karanta wannan, nasihar ba ta tsallake ku ba: labarin Basamariyen nan da kuka sani tun kuna ƙanana, ai da gangan aka zaɓi mutumin da ba a shiri da addininsa aka mai da shi misalin maƙwabci.

Abin da ake kira tattaunawa tsakanin addinai, ku a wayoyinku muƙabala kuka san shi da ita: wane ya ƙure wane, wane ya kasa ba da amsa. Mu ma mun yi wannan yayin. Mun cika falo muna kallon kaset ɗin Ahmed Deedat da Jimmy Swaggart na 1986 muna tafi. Akwai ilimi a ciki, ban hana ku ba, amma ban san ko mutum ɗaya da ya tashi daga kallon nan ya je ya gaida maƙwabcinsa ba. Ku kwatanta da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna. A rikicin da ya biyo bayan na Zangon Kataf a 1992 kowannensu jagoran samarin ɓangarensa ne. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Da aka haɗa su a 1995 ba a kan ayoyi suka shirya ba. Mahaifiyar Wuye ce ta kwanta asibiti, Ashafa ya je dubiya. Duk da haka Wuye da bakinsa ya faɗa cewa ya yi shekaru suna tafiye-tafiye tare, in sun kwana ɗaki ɗaya zuciyarsa na raya masa ya danne abokin nasa da matashin kai. Wannan furucin ya fi burge ni a kan duk lambobin yabon da suka karɓa, domin ya nuna aikin nan ba ya jiran sai zuciya ta yi fari tas. Cibiyarsu ta taimaka shugabannin addini 22 suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agustan 2002. Wata uku bayan nan rikicin gasar sarauniyar kyau ya ɓarke. Har yau kogin Kaduna ne kan iyaka, Musulmi sun tattara arewa da gada, Kiristoci kudu, yaran da aka haifa bayan 2000 da yawansu ba su taɓa zama benci ɗaya da ɗan wancan tsallaken ba. Takarda ba ta riƙe gari in mutanen layi ba su san juna ba.

Ranar Asabar 23 ga Yuni 2018, 'yan bindiga suka far wa ƙauyukan Barkin Ladi a jihar Filato. Mutane suka gudo ƙauyen Nghar Yelwa, yawancinsu Kiristoci 'yan ƙabilar Birom. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, tsoho mai shekara 83, ya sa mata a gidansa, maza a masallaci, mutum 262, ya fito ya tsaya a ƙofa. Maharan suka ce ya fito da su, ya ƙi, ya zube ƙasa yana roƙo har suka juya. Da aka tambaye shi dalili daga baya, cikin abin da ya ambata har da cewa filin masallacin nan Kiristocin garin ne suka ba su kyauta fiye da shekara 40 da suka wuce. Shi ma baƙo ne, daga ƙasar Bauchi ya zo. A wannan ranar kuma wasu hotuna masu tayar da hankali suka fara yawo a Facebook da sunan daga wurin harin suke. Binciken BBC ya gano daga baya cewa wani bidiyo daga cikinsu ba ma a Najeriya aka ɗauke shi ba, a Kongo Barazabil ne tun 2012. Washegari samari suka tare hanya a Jos suka kashe matafiya Musulmi 11. Tsohon nan bai da mabiya a intanet, ƙofa ɗaya gare shi ya buɗe ta. Waɗanda suka yaɗa hoton kuwa, da yawansu sa'o'inku ne, kuma na tabbata kowannensu ya ɗauka taimakon mutanensa yake yi. In hoto ya shigo wayarka ya sa jininka ya hau nan take, ka ajiye wayar ka je ka yi alwala tukuna. Wanda ya aiko shi wannan hawan jinin yake nema.

Sauran kuwa ƙananan abubuwa ne, kun ma san su. Ku da kuke jin zafi in an ja muku "aboki" da gatse a Ikko, ku daina kiran mutum arne ko nyamiri a gabansa da bayansa. Yana da suna, ku tambaye shi. Lasifikar da ke kwana tana wa'azi ko addu'ar dare a kan jariri da majiyyacin maƙwabta, da tare babban titi ranar Juma'a ko Lahadi har mai naƙuda ta rasa hanyar asibiti, ban san littafin da ya yi umarni da su ba. In aka ce wani ya yi ɓatanci, akwai hukuma akwai alƙali, babu malamin kirki da ya ba taron samari izinin yanke hukunci a bakin titi. In kuma neman abinci ya kai ɗayanku wani gari, Enugu ne ko Abijan ko Jidda, ya fara neman sarkin Hausawa ko dattawan zango ya gabatar da kansa, ya gyara takardunsa, ya koyi gaisuwa da yaren mutanen wurin. Kalma biyar ta gaisuwa takan yi abin da takardar hukuma ba ta yi ba.

Baffana, da aka ba su mako biyun nan, ya ga mutane suna sayar da gida a kuɗin akuya. Shi bai sayar da komai ba, ya rasa ma mai saye. Sai ya kwashe kekunan ɗinkinsa biyu da bandiran yadi da gadon ƙarfe ya kai wa maƙwabcinsa, wani Batone, wato ɗan Asante, mai wa'azi a cocin Metodis, wanda ya shekara yana ɗinka wa 'ya'yansa kayan Kirsimeti. Ba shaida, ba rubutu. Ya dawo Kano ya zauna a shagon wani yana ɗinki ana biyansa, bai ƙara tayar da zancen ba. Busia ya faɗi a Janairun 1972. Bayan 'yan watanni wani direban motar goro ya yi ta tambaya har ya gano gidanmu, ya miƙa wa Baffa ƙunshin tsumma. A ciki akwai kuɗi, an riga an canza su zuwa fam, da takarda shafi biyu da Tonanci. Dattawan zaure suka yi ta juya takardar, ba mai iya karantawa. Sai aka aika cikin gida aka kira babbar 'yar Baffa, wadda muka fi kowa yi wa shewa, domin ita ta yi firamare a Kumasi. Ta tsaya a bakin zaure da mayafinta tana karantawa tana fassarawa: keke na farko an sayar kaza, na biyu kaza, yadi kaza, gado bai samu mai saye da daraja ba, yana nan a ajiye har ranar da mai shi zai aiko.